Wa zai fara magana? Yadda na'urori ke rabon iska, daga hasumiyar Kafanchan zuwa fasahar jin saƙonni da yawa lokaci guda

A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da akasarin ƙauyukan Najeriya ba su san intanet ba sai a labari, wata ƙungiya mai zaman kanta a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a a Jihar Kaduna, ta kafa hasumiya mai tsawon mita 45 a harabarta da ke unguwar Bayan Loco, ta soma rarraba intanet ta iska ga makarantu da cibiyoyin lafiya da ƙungiyoyin da ke kewaye.

Ƙungiyar ita ce Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta kuma faro da bai wa matan karkara ƙananan rance kafin ta shiga koyar da kwamfuta. Sashenta na intanet, mai suna Zittnet, ya samu tallafin cibiyar IDRC ta ƙasar Kanada da taimakon ƙwararru daga kamfanin IT+46 na Suwidin, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin mai rarraba intanet mara waya na farko a karkarar Najeriya. A lokacin, intanet ɗin yana saukowa ne daga tauraron ɗan'adam, wuta kuma daga faifan sola da batura, domin wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce.

Duk mai gina irin wannan hanyar sadarwa yakan ci karo da wata tambaya da mai amfani da waya ba ya ganinta: idan na'urori ashirin suna son yin magana a kan zangon rediyo ɗaya a lokaci guda, wace ce za ta fara? Dokar da ke amsa wannan tambaya ita injiniyoyi ke kira ƙa'idar shiga iska. Shekaru fiye da hamsin ana gina ta a kan zato ɗaya, cewa mai karɓa ba ya iya jin fiye da murya ɗaya. Yanzu an samu na'urorin da ke iya ji fiye da haka, kuma wannan ya sa dole a sake duba ƙa'idar daga tushe, musamman a wuraren da babu wata cibiya da ke raba wa kowa lokacinsa.

Iska ɗaya, masu magana da yawa

Duk abin da ke tafiya a intanet, hoto ne ko murya ko kuɗin da aka tura, ana yanka shi ne ƙanana-ƙanana, a aika da kowane yanki a matsayin ƙunshi mai ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi. A cikin waya, kowace hanya tana da igiyarta. A iska kuwa, duk na'urorin da ke kan zango ɗaya suna amfani da fili ɗaya ne. Idan biyu suka aika a tare, siginarsu takan cakuɗe a eriyar mai karɓa, ƙunshin biyu su lalace, a sake aikawa. Wannan shi ake kira karo.

Hanyoyi biyu ne na guje masa. Ta farko ita ce a naɗa mai iko da zai riƙa ba da izini. Mutanen Kafanchan sun san wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da garin ya zama mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. A layi mai hanya ɗaya, jirgi ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an ba shi izini. Haka hasumiyar kamfanin waya ke yi: ita ke gaya wa kowace waya lokacin da za ta yi magana da ɓangaren zangon da za ta yi amfani da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta majalisar hira, inda babu mai raba magana. Kowa yana saurare, in ya ji an yi shiru sai ya sa baki, in mutum biyu suka fara a tare sai su dakata, ɗaya ya bar wa ɗaya. Wi-Fi na asali a kan wannan tsari aka gina shi, kuma shi ya sa yake da araha: babu buƙatar babbar cibiya, kuma a ƙasashe da dama zangon gigahaz 2.4 da yake amfani da shi a buɗe yake ga kowa. Arahar nan ce ta bai wa ƙungiyoyi irin su Fantsuam damar yin abin da manyan kamfanoni ba su ga ribar yinsa ba a lokacin.

Daga Hawai aka faro

Tarihin wannan tsari ya soma ne a Jami'ar Hawai ta Amurka, inda Norman Abramson da abokan aikinsa suka kunna hanyar sadarwar ALOHAnet a 1971. Matsalarsu ta yi kama da ta karkarar Afirka: rassan jami'ar suna warwatse a tsibirai, jan waya kuma yana da tsada. Dokar da suka kafa mai sauƙi ce ƙwarai. Duk na'urar da ke da saƙo ta aika nan take. In ba ta samu amsar cewa ya isa ba, ta jira wani lokaci da ta zaɓa bisa ƙuri'a, ta sake aikawa.

Lissafi ya nuna cewa da wannan doka, kashi 18 cikin 100 na ƙarfin zangon ne kawai ke zama saƙo mai amfani a mafi kyawun hali. Sauran yana tafiya a karo da zaman shiru. A 1972, Lawrence Roberts ya nuna cewa idan aka yanka lokaci gida-gida daidai wa daida, aka hana kowa fara magana sai a farkon gida, adadin yakan ninka zuwa kusan kashi 37. Har yau wayoyin GSM, waɗanda suka shigo Najeriya a 2001, da irin wannan dabara suke fara ƙwanƙwasa ƙofar hasumiya kafin ta ba su layi.

Mataki na gaba shi ne saurare kafin magana. Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi sun yi nazarinsa a 1975, kuma shi ne ya zama ginshiƙin ƙa'idar Wi-Fi da cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997 da lamba 802.11. A samfurin 802.11b, wanda ya yaɗu a farkon shekarun 2000, na'urar da ke son aikawa takan jira a yi shiru, ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 31 bisa ƙuri'a, ta riƙa ƙirgawa ƙasa. Kowace ƙirga tana ɗaukar maikurosakan 20, maikurosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. In wata ta riga ta, sai ta tsayar da ƙirgar har a sake yin shiru. In ta aika aka yi karo, sai ta faɗaɗa zaɓin zuwa 63, sannan 127, har zuwa 1023. Ma'ana, duk lokacin da cunkoso ya ƙaru, kowa yakan ƙara ja da baya.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, rediyo na yau da kullum ba ya iya saurare a lokacin da yake aikawa a zango ɗaya, domin muryarsa takan danne duk wata murya da ke zuwa daga nesa. Ba ya sanin an yi karo sai bayan ya gama, ya jira amsa bai samu ba.

Inda ƙa'idar ke tuntuɓe a karkara

An tsara Wi-Fi ne don ofis da gida, inda na'urori ke 'yan mitoci tsakaninsu kuma kowace tana jin 'yar'uwarta. A ƙasa irin ta kudancin Kaduna, mai duwatsu irin na Kagoro da kwaruruka da dogayen itatuwa, abubuwa biyu sukan rushe wannan zato.

Na farko shi ne abin da Tobagi da Kleinrock suka kira matsalar ɓoyayyen mai magana. A ɗauka akwai makaranta a gabashin hasumiya da asibiti a yammacinta, kowanne da eriyarsa mai fuskantar hasumiyar. Dukansu suna jin hasumiya, amma ba sa jin juna. Makarantar ta saurara, ta ji shiru, ta aika. Asibitin ma haka. Saƙonnin biyu sai su yi karo a kan hasumiya, alhali kowanne ya bi doka. Duk hanyar sadarwar da masu amfani da ita ke kewaye da hasumiya ɗaya, kamar yadda aka tsara ta Zittnet, tana fuskantar wannan haɗari. A 1990 Phil Karn ya kawo wani magani: mai aikawa ya fara tura gajeren saƙon neman izini, mai karɓa ya amsa da babbar murya yadda kowa zai ji ya yi shiru. Wi-Fi ya ɗauki dabarar, sai dai ita ma tana cin lokacin iska.

Na biyu shi ne nisa. Sigina tana tafiyar mita 300 a kowane maikurosakan. Kilomita 10 kenan yana cin maikurosakan 33, wato fiye da gidan ƙirga guda. Kafin na'ura ta ji cewa wata ta fara magana, ita ma ta riga ta fara. Zuwa da dawowa kuma yana cin kusan 67, don haka sai an gyara wa na'urar lokacin jiran amsa, in ba haka ba za ta ɗauka saƙon ya ɓata ta riƙa maimaitawa a banza.

Kamfanonin da ke ƙera kayan intanet na nesa, irin su Ubiquiti da MikroTik, sun magance wannan ta komawa ga tsarin mai iko: hasumiya ce ke raba wa kowane mai amfani lokacinsa. Yana aiki sosai, amma yana ɗora komai a kan abu ɗaya. Kafanchan ta ga illar haka a 2008, lokacin da guguwa ta kayar da hasumiyar Fantsuam. Idan ginshiƙi ɗaya ne ke riƙe da kowa, faɗuwarsa takan yanke kowa.

Wannan ne ya sa wasu al'ummomi suka gwada tsarin raga, inda kowace na'ura ke karɓa tana miƙa wa maƙwabciyarta, saƙo yana tsallake daga rufi zuwa rufi har ya isa. Zenzeleni a ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu da haka ta faro. In na'ura ɗaya ta mutu, saƙo ya bi wata hanya. Sai dai raga tana da nata nauyin. A 2000, Piyush Gupta da P. R. Kumar na Jami'ar Illinois sun nuna cewa a irin wannan tsari rabon kowace na'ura yana raguwa yayin da adadinsu ke ƙaruwa: in an ninka su sau huɗu, abin da kowace ke samu yakan sauka zuwa rabi ko ƙasa da haka, domin yawancin lokacin iska yana tafiya ne wajen miƙa saƙon wasu, kuma duk inda ɗaya ke magana maƙwabtanta sun yi shiru. Idan dambu ya yi yawa, in ji Bahaushe, ba ya jin mai.

Kunnen da ke jin fiye da mutum ɗaya

Duk waɗannan ƙa'idoji sun ɗauka cewa karo asara ce gaba ɗaya. A 1988, Sylvie Ghez da Sergio Verdú da Stuart Schwartz na Jami'ar Princeton suka tambayi abin da zai faru da tsarin ALOHA idan mai karɓa yana iya tsamo ƙunshi fiye da ɗaya daga cikin cakuɗar. A 2001 Lang Tong na Jami'ar Cornell da abokan bincikensa suka ja hankali ga cewa ci gaban sarrafa sigina ya mai da wannan tambaya ta zahiri, don haka dole masu tsara ƙa'idar shiga iska su yi aiki tare da masu ƙera na'urar karɓa.

Akwai manyan hanyoyi huɗu da na'ura ke samun wannan iyawa.

Ta farko ita ce rinjaye. Idan sigina ɗaya ta fi sauran ƙarfi sosai, mai karɓa yakan kama ta ya yi watsi da sauran. Masu sauraren rediyon FM a mota sun san wannan, inda tasha mai ƙarfi ke danne mai rauni. A nan ƙunshi ɗaya ya tsira maimakon duka su lalace.

Ta biyu ita ce cirewa ɗaya bayan ɗaya. Mai karɓa ya fara karanta sigina mafi ƙarfi, ya sake gina siffarta, ya debe ta daga cikin cakuɗar da ya adana, sai wadda ke ƙarƙashinta ta bayyana, ya karanta ta, ya ci gaba a haka.

Ta uku ita ce bai wa kowane mai magana lambar sirrinsa da zai lulluɓe saƙonsa da ita, yadda mai karɓa zai iya ware kowanne ko da sun zo a tare. Wannan ita ce fasahar CDMA da kamfanonin Starcomms da Multi-Links da Visafone suka yi amfani da ita a Najeriya.

Ta huɗu ita ce yawan eriya. Kamar yadda kunnuwa biyu ke taimaka wa mutum ya ware muryar da ke damansa daga wadda ke hagunsa, na'ura mai eriya huɗu tana iya ware sigina har huɗu da suka taso daga wurare daban-daban. Wannan ake kira MIMO.

Abin da lissafi ya nuna

A ɗauka akwai na'urori masu yawa da ke aikawa bisa ƙuri'a a gidajen lokaci daidai wa daida, kuma mai karɓa yana da iyakar ƙunshin da yake iya warewa, in an wuce iyakar duka su lalace.

Idan iyakar ɗaya ce, abin da ya fi dacewa shi ne a samu matsakaicin ƙunshi ɗaya a kowane gida. A cikin gidaje 100, kusan 37 za su wuce babu kowa, 37 su ɗauki saƙo lafiya, 26 su tafi a karo.

Idan iyakar biyu ce, mafi kyawun hali shi ne matsakaicin ƙunshi 1.6 a kowane gida, kuma ƙunshi 84 ne za su isa a gidaje 100, wato fiye da ninki biyu. Idan huɗu ce, mafi kyau shi ne kusan ƙunshi uku a kowane gida, kuma 194 za su isa, fiye da ninki biyar.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Idan aka kawo mai karɓa mai iya ware huɗu, na'urori kuma suka ci gaba da bin tsohuwar doka ta ƙunshi ɗaya a kowane gida, 98 ne kawai za su isa. Rabin ƙarfin da aka saya da kuɗi ya tafi a banza. Idan kuma aka saki kowa har matsakaicin ya kai takwas, adadin yakan faɗo zuwa 34, ƙasa da abin da tsohon tsari ke bayarwa. Waɗannan alƙaluma na yanayin da babu hayaniya ko wata tangarɗa ne, a fili abin da ake samu bai kai haka ba, amma darasin bai canza ba. Ƙarfin kunne shi kaɗai ba ya wadatarwa sai an daidaita yawan masu magana da shi. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wahalar inda babu shugaba

Inda akwai hasumiya mai iko, daidaitawar tana da sauƙi: ta san iyakarta, sai ta kira mutum huɗu su yi magana tare. A raga ko duk wani tsari mara cibiya, kowace na'ura ita ke yanke wa kanta hukunci da ɗan abin da take ji, kuma nan ne tambayoyi ke taruwa.

Tsohuwar doka tambaya ɗaya take yi, ko akwai mai magana ko babu. Sabuwar tana buƙatar sanin mutum nawa ke magana, domin na'ura ta shiga in ba a cika iyaka ba, ta dakata in an cika. Ƙirga muryoyi ya fi jin motsi wuya. Sannan adadin da ke da muhimmanci shi ne wanda ke isa kunnen mai karɓa, mai aikawa kuwa yana ƙirgawa ne daga inda yake, kuma dutse ɗaya a tsakani ya isa ya sa ƙirgarsu ta bambanta. Matsalar ɓoyayyen mai magana ta dawo kenan da sabuwar riga.

Akwai kuma batun ƙarfin sigina. Dabarar lambar sirri tana son duk sigina su iso da ƙarfi kusan ɗaya, in ba haka ba na kusa ya danne na nesa. Dabarar cirewa ɗaya bayan ɗaya kuma ta fi aiki idan ƙarfinsu ya bambanta. A tsarin kamfanin waya hasumiya ce ke umartar kowace waya ta ƙara ko ta rage murya. A raga babu mai ba da wannan umarni, kuma ƙarfin da ya dace da maƙwabci ɗaya yana iya zama hayaniya ga wani.

Haka nan na'urar da ke aikawa ba ta karɓa a lokacin. Idan aka ƙarfafa wa kowa gwiwar yin magana, masu saurare za su ragu, saƙo ya isa ƙofar da mai gidan ke tsakiyar nasa jawabin. Ga kuma batun amsa: wanda ya karɓi ƙunshi uku dole ya sanar da mutum uku cewa nasu ya isa, ba tare da amsar ta cinye ribar da aka samu ba. Daga ƙarshe akwai adalci. Tsarin da ke fifita sigina mai ƙarfi yana fifita na kusa, asibitin da ke can bayan dutse kuma ya zama shi ne kullum ake dannewa.

Masu bincike sun gwada amsoshi. A 2008, Shyamnath Gollakota da Dina Katabi na jami'ar MIT sun nuna dabarar ZigZag, wadda ke haɗa karo biyu na ƙunshi iri ɗaya ta warware su duka, abin da ke rage illar ɓoyayyen mai magana. A 2009 masu bincike a cibiyar Microsoft da ke Beijing sun gwada wani tsari mai suna SAM, inda na'urori ke ƙirga yawan masu aikawa kafin su shiga. A 2011 rukunin Katabi ya nuna yadda na'ura mai eriya da yawa za ta shiga magana alhali wata na aikawa, ba tare da ta ɓata mata saƙo ba.

Abin da ya riga ya shigo kasuwa

Wani ɓangare na wannan fasaha yana hannun jama'a. Samfurin Wi-Fi na 802.11ac, na 2013, ya bai wa na'urar rarrabawa damar aika wa mutane da yawa lokaci guda. Wi-Fi 6 ya ƙara da karɓa daga mutane da yawa lokaci guda, sai dai na'urar rarrabawar ce ke tura saƙon kira ta zaɓi waɗanda za su yi magana, wato an koma ga mai iko. A tsarin 4G, kowace hasumiya tana da alamomin sallama 64, wayoyin da suka zaɓi alamomi daban-daban kuma ana jin su a tare.

A sadarwar tauraron ɗan'adam, irin wadda Zittnet ta dogara da ita, injiniyoyin Hukumar Sararin Samaniya ta Turai sun fito da wata dabara a 2007: kowace tasha ta aika kwafi biyu na ƙunshinta a gidajen lokaci daban-daban, in kwafi ɗaya ya tsira sai a yi amfani da shi a goge ɗan'uwansa daga inda ya yi karo, a ceto wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan ya ɗaga adadin daga 37 zuwa kusan 55 cikin 100.

Akwai kuma LoRa, fasahar ƙananan na'urori masu aika gajerun saƙonni zuwa nisan kilomitoci da ƙaramin batir. Tana bin dokar ALOHA ta asali, amma tashar karɓarta ta gama-gari tana iya karanta ƙunshi har takwas a lokaci guda. Irin wannan ce ta dace da auna damshin ƙasa a gonakin citta na Kachia da Kwoi, ko sanyin firjin rigakafi a ƙaramin asibiti, ko yawan ruwa a tankin rijiyar burtsatse.

Abin lura shi ne, kusan duk waɗannan suna da cibiya ɗaya mai kunne mai ƙarfi. Raga wadda kowace na'urarta ke jin saƙonni da yawa, tana kuma yanke hukunci da kanta, ita ce ɓangaren da ya fi zama a ɗakunan bincike.

Me wannan ke nufi ga kudancin Kaduna

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin isar da intanet mai sauri ga kashi 90 cikin 100 na al'umma, da saurin megabit 10 a karkara. Garuruwan da suka rage a baya su ne waɗanda kafa hasumiyar kamfani a cikinsu ba ya mayar da kuɗi, kuma nan ne hanyoyin sadarwa na al'umma ke da gurbi. A 2021 cibiyar CITAD ta Kano, tare da ƙungiyar APC ta duniya, ta buɗe makarantar horar da masu gina irin waɗannan hanyoyi. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ma a 2024 ta bayyana shirin buɗe wani ɓangare na zangon gigahaz 6 ga Wi-Fi.

Ƙarin zango yana rage cunkoso, amma sigina mai tsayin zango irin wannan ba ta jure itatuwa da bango kamar ta ƙasa da ita, don haka ƙauye mai faɗi zai ci gaba da dogara da zangon da kowa ke ciki. Yadda ake rabon wannan fili shi ke yanke ko ɗalibai talatin za su iya cike fom ɗin jarrabawa a rana ɗaya, ko ma'aikaciyar jinya za ta iya tura rahoto kafin batir ya mutu.

Ga ƙungiyar da ke shirin sayen kaya, adadin eriya ko saurin da aka rubuta a jikin kwali bai isa hujja ba. Abin tambaya shi ne ko masu amfani za su ji juna ko akwai dutse a tsakaninsu, ko na'urar tana da tsarin raba lokaci don nesa, ko wayoyi da kwamfutocin da mutane ke riƙe da su sun san sabuwar ƙa'idar, domin tsohuwar waya a ƙarƙashin sabuwar na'ura tsohuwar doka take bi. Sai kuma wuta: ware sigina da yawa yana cin lissafi, lissafi yana cin lantarki, kuma a wurin da faifan sola ke ciyar da komai, kowane wat yana da farashi. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda guguwar 2008 ta bar wa Kafanchan: idan hasumiya ta faɗi, ta ina saƙo zai bi?